Cire Tayar Bayan Babur da Mayar da Ita: Tsari Ya Fi Yawan Sifana

Duk wanda ya san hanyoyin da suka ratsa rukunin masana'antu na Sharaɗa, Challawa da Bompai ya san ba domin tayar babur aka yi su ba. Hanyoyi ne na tirela da manyan motocin dakon kaya, abin da ake zubarwa a kansu kuwa shi ne ƙusoshin katakon ɗora kaya, guntayen waya, ɓarɓashin ƙarfe daga wajen masu walda, da fasassun kwalabe. Tayar gaba takan taka ƙusa tana kwance ta tayar da ita, ta baya ta zo ta same ta a tsaye. Ga shi kuma ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, ita inji ke turawa. Shi ya sa faci ya fi yawa a baya, inda wilin ya fi wuyar cirewa, domin sarƙa da birki duk a jikinsa suke. Tun da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, baburan da suka rage a waɗannan hanyoyi galibi na masu su ne, waɗanda ke hawa su je aiki su dawo. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ƙara ɗaure ma'aikacin kamfani da babur ɗinsa, tun da kuɗin Adaidaita Sahu daga Kurna ko Ɗorayi zuwa Challawa, zuwa da dawowa, yana cin albashi ƙwarai.

Abin da nake so in tabbatar shi ne, ƙarancin kayan aiki ba shi ke hana mutum cire wilin baya ya mayar da shi lafiya ba, ba kuma shi ke jefa mutane cikin haɗari ba. Abin da ke ɓata aikin shi ne rashin sanin abin da kowane ƙarfe yake riƙe da shi, da kuma ruɗewar jerin abin da ya fara fita da abin da zai koma a ƙarshe. Mai akwati cike da sifanu da ya manta ɗan bututun ƙarfe guda a ƙasa ya fi shiga haɗari a kan mai sifana uku da ya jera komai a kan tsumma.

Za a ce, Kano fa ake magana, inda da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga mai faci da injin iskarsa a gindin bishiya ba, to mene ne na wahalar da kai? Da rana tsaka a Bompai, kusa da titin Haɗeja, wannan magana gaskiya ce. Amma kamfanonin roba da na jima da na man girki ba sa tashi da magariba, aikin karɓa-karɓa suke yi, kuma wanda ya fito daga aikin dare a can ƙarshen Challawa ba lalle ya tarar da kowa a rumfa ba kafin Panshekara. Idan ya ce zai tura babur da taya a kwance, bakin rim zai tauna tub ɗin, ya kuma karya gefen tayar, sai hujin da faci ɗaya zai toshe ya koma sayen sabon tub, wani lokaci har da taya. Idan kuwa ya hau a haka, rim ɗin ma yana iya lanƙwashewa. Wanda ya iya cire wili yana da mafita ta uku: ya bar babur a hannun mai gadin kamfani, ya ɗauki wilin kaɗai ya shiga Adaidaita, ya dawo da shi a gyare. Haka nan gaskiya ne cewa ana iya zaro tub ta gefe a yi masa faci ba tare da an cire wili ba, masu faci ma haka suke yi kullum. Sai dai in bakin bawul ne ya tsinke, ko tub ya yage, to sabo ba zai shiga ba sai wilin ya fito, domin tub zobe ne da ba shi da baki.

Kayan da aikin ke bukata ba su wuce cikin aljihun gefen babur ba. Sifana biyu na aksul, wato doguwar sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyar wili, ɗaya ta riƙe kanta ɗaya ta juya notin. A ƙananan baburan da suka cika Kano, irin su Bajaj Boxer, Jincheng, Haojue, TVS da roba-roba, girmansu yakan faɗa tsakanin lamba 14, 17, 19 da 22. Sai ƙaramar sifana mai baki biyu, lamba 10 da 12, filaya, sukundireba, da tsumma. Tun da girman noti ya bambanta daga babur zuwa babur, kada ka yarda da abin da wani ya faɗa maka, ka gwada a kan naka a gida, ka ajiye waɗanda suka dace kawai, ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka kashe kuɗi a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ka kashe a kan sifana mai zobe guda mai kyau daidai da notin aksul. Mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kaɗai take kamawa, sifana mai daidaitawa kuma ta fi ta zamewa, kuma da zarar kusurwoyin noti sun cinye, aikin ya fi ƙarfinka a bakin hanya.

Kafin ka taɓa komai, durƙusa ka dubi ɓangaren sarƙa, domin baburan nan iri biyu ne. A wasu, kamar Boxer da yawancin roba-roba da masu ƙirar Suzuki AX100, za ka ga noti biyu a jere a gefen hagu: na waje na aksul ne, babban na ciki kuwa shi ke riƙe da faranti mai haƙoran da sarƙa ke hawa. A irin waɗannan ba ruwanka da babban notin. Wilin zai zame ya fito ya bar farantin da sarƙa da murfinta a inda suke, ba ka ko ɓata hannu da baƙin mai ba. A wasu kuma, masu ƙirar Honda CG125, farantin a jikin wili yake, don haka dole ka sassauta ƙananan notunan da ke ja da sarƙa, ka tura wilin gaba, ka sauke sarƙar daga haƙora. Mutane da yawa sukan kwance abin da bai kamata ba saboda ba su tsaya sun bambance wannan ba, su mayar da aikin minti ashirin ya zama na awa biyu.

Nemi wuri mai tauri kuma a baje, kamar daɓen simintin bakin ƙofar kamfani, ba yashi ba, domin jak yana nutsewa a yashi, ƙaramin noti kuma in ya faɗa ciki sai an yi tankaɗe. Jira salansa ta huce, tun da hannunka zai yi ta gogar ta. Sannan ka sassauta notin aksul tun taya tana ƙasa, babur yana cikin giya. Dalilin a fili yake: notin nan shi ya fi kowanne tauri, ƙarfin da za ka sa a kansa kuwa ya isa ya ture babur ɗin da ke kafe a kan jak. In akwai ƙaramin fil mai ƙafa biyu da ya ratsa notin, miƙe ƙafafunsa da filaya ka zare shi tukuna. Juyi ɗaya ya wadatar, sai ka ɗora babur a jak na tsakiya. Wanda jak ɗinsa ya karye, ko ya cire shi don rage nauyi kamar yadda matasa ke yi, zai iya kafe babur a jak na gefe, wani ya karkato shi kaɗan, a cusa bulo ko guntun katako a ƙarƙashin firam ta ɗaya ɓangaren har tayar baya ta bar ƙasa. A ƙarƙashin firam na ce, ba salansa ba, ba kuma sandar birki ba. Ka ɗaure birkin gaba da roba ko igiya don kada babur ya gangara.

Birki ne na gaba, kuma abu biyu ne suka haɗa shi da jikin babur. Na farko siririyar sandar da ta taso daga abin takawa zuwa ɗan hannun da ke jikin murfin birki. A ƙarshenta akwai notin daidaitawa. Ƙirga tiredi nawa suka leƙo bayansa, ko ka ɗauki hoto da waya, sannan ka kwance shi, ka taka birki sandar ta zame. Sifirin da ɗan dunƙulen ƙarfen da sandar ke ratsawa za su so faɗuwa, sai ka mayar da su a kan sandar yadda suke, ka ɗaura notin a bayansu. Na biyu shi ne ƙarfen da ke hana murfin birki juyawa tare da wili. A yawancin baburan nan doguwar sanda ce mai faɗi da aka ɗaure da noti da fil, sai ka zare fil ɗin ka kwance notin, a wasu kuma wani ɗan tudu ne a hannun firam da ke shiga cikin tsagi a jikin murfin. Ka san shi da kyau tun yanzu, domin a duk aikin nan babu ƙarfen da mantuwa da shi ya fi muni.

Yanzu cire notin aksul gaba ɗaya. A nan ne yawancin mutane ke neman dutse ko guduma, suna ganin aksul ya ƙi fita ne don taurin kai. Galibi ba tsatsa ce ta riƙe shi ba, nauyin wilin ne ke rataye a kansa. Zauna a bayan babur, ka cusa ƙafarka ko guntun katako a ƙarƙashin taya ka ɗaga ta kaɗan, sai ka ji aksul ya saki, kana murza shi kana ja yana biyo ka. In ya ƙi, mayar da notin har ya yi daidai da bakin aksul, ka ɗora katako a kai, ka buga katakon a hankali. Wanda ya bugi tiredi kai tsaye da ƙarfe zai fitar da aksul, amma bakinsa zai baje, noti ba zai sake hawa ba, ga shi da wili a hannu da babur ɗin da ba zai haɗu ba. Mai cewa guduma ta fi sauri ya tuna cewa sauri kan haifi nawa. Yayin da aksul ke fita, abubuwa za su riƙa sakowa ɗaya bayan ɗaya: wosha, ƙarfen jan sarƙa, da bushi, wato ɗan gajeren bututun da ke cike gurbin da ke tsakanin wili da hannun firam. Shimfiɗa tsumma ka jera su daga hagu zuwa dama yadda suke a jikin babur. Abin da ya fi ma, da zarar wili ya fito, ka zura su a jikin aksul ɗin bisa jerinsu ka ɗaura noti, sai ya zama aksul ɗin ne ke riƙe maka lissafi.

Da bushi ya fita, wilin zai sami wurin matsawa dama ya rabu da faranti mai haƙora. Zare murfin birki ka ajiye shi fuskarsa sama. Idan madigadi ya hana taya fitowa, wani ya karkata babur zuwa hagu a kan ƙafar jak ɗaya, kai kuma ka mirgino ta ta dama. In kai kaɗai ne, da ka sa katako a ƙarƙashin jak tun farko da ka sami tsawon da kake bukata.

Tun da wili ya riga ya fito, asara ce a mayar da shi ba a duba cikinsa ba. Dubi shu ɗin birki: in fatarsu ta kusa ƙarewa, ko ta fara ɓamɓarewa daga ƙarfe, lokacin canji ya yi. Goge ƙurar cikin kwanon da tsumma mai ɗan laima, kada ka hura da baki, ba abin shaƙa ba ce. Sa yatsa a cikin boris na kowane gefe ka juya. Lafiyayye yana juyawa sumul, wanda ya mutu kuwa za ka ji shi gurus-gurus, ko yana girgiɗi. Sai robobin da ke tsakanin wili da faranti mai haƙora, waɗanda ke shanye fizgar inji. In sun ragargaje, shi ne ƙarar da kake ji duk sanda ka saki kuloci. Masu aiki a Challawa da Sharaɗa su fi kowa kula da aksul kansa. Jima sana'a ce ta gishiri da farar ƙasa da sauran sinadarai, kuma da damina ruwan kwatocin da ke kewaye da kamfanonin fata yakan malalo kan hanya ya gauraya da na sama. Ruwa mai gishiri yana gaggauta tsatsa, kuma aksul ɗin da ya shekara yana shan sa ba giris yakan manne da boris har sai an kai ga wuta. Ka goge shi tas, ka shafa masa giris kaɗan, in babu ko ɗigon baƙin mai ya fi babu. Amma ko ƙyas kada maiƙo ya taɓa shu ko cikin kwanon birki. In mai faci ya cire tayar daga rim gaba ɗaya, duba ko akwai kibiya a gefenta, ka tabbatar tana nuna inda wili ke juyawa in ana tafiya gaba.

Mayarwa ita ce ainihin aikin. Jera robobin a gurabensu, in suna zubowa ka ɗan jiƙa su da ruwa su manne. Sa murfin birki a cikin wili, ka mirgina wilin ya shiga tsakanin hannayen firam, ka ɗaga shi da ƙafa, ka juya shi a hankali har haƙoran farantin su faɗa tsakanin robobin. A babur mai ƙirar CG, ɗora sarƙa a kan haƙora tun wilin yana can gaba. Sai bushi ya koma gurbinsa, aksul kuma ya shiga ta gefen da ya fito, ya ratsa ƙarfen jan sarƙa, da murfin birki, da duk abin da ka jera. In ya shiga rabi ya tsaya, kada ka buga. A cikin wilin, tsakanin boris biyu, akwai wani bututu da ba ka gani, wanda kan zame ya tare hanya. Zura sukundireba ta ɗaya gefen ka daidaita shi, aksul zai wuce. Bushin waje da bututun ciki aikinsu ɗaya ne: su ke karɓar matsin noti don kada ya faɗa kan boris ko ya lanƙwasa hannayen firam. Wanda ya manta bushi zai ga noti ya ɗauru, babur ma ya yi tafiya, amma wilin yana yawo a kan aksul, murfin birki yana goga, boris kuma ba zai daɗe ba. Shi ya sa in ka gama ka ga saura ƙarfe ɗaya a kan tsumma, ba ka gama ba.

Kafin ka matse noti, daidaita sarƙa; a babur mai noti biyu a jere, sai in tana bukatar daidaitawa ne za ka sassauta babban notin. Juya wili kana taɓa ta har ka sami inda ta fi ɗamewa, domin tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai ko'ina. A wannan wurin, a tsakiyar layinta na ƙasa, ya kamata ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Akwai masu ɗame ta kamar tsirkiya suna ganin shi ne gyara, alhali in mutum ya hau, ko ya ɗora kaya, hannayen firam suna miƙewa sarƙar ta ƙara ɗamewa, ta ci boris ɗin giya da haƙoran faranti, wata rana ta tsinke. Wadda ta yi sako-sako kuma tana iya sauka ta kulle wili ana cikin gudu. A hannayen firam akwai 'yan zane-zanen awo, sai ka tabbatar hagu da dama suna kan zane ɗaya. In zanen ya goge, auna da igiya ko tsinke daga tsakiyar aksul zuwa tsakiyar kusar da hannayen ke lilo a kanta, gefe da gefe. Wili karkatacce yana cinye taya ta gefe guda, yana sa babur ya riƙa ja. Idan ka buɗe mahaɗin sarƙa ne, rufaffen kan ɗan makullinta ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya, don kada wani abu ya kama bakinsa ya ɓalle shi.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a kan gyaran bakin hanya shi ne na matsi: kamfani ya faɗi iya ƙarfin da za a ɗaure notin aksul, akwai kuma sifana ta musamman mai awon wannan, mai sifana uku ba shi da ita. Haka ne. Amma makanikan da ke gyaran baburan Kano ma ba kasafai ake ganin ta a hannunsu ba, kuma lissafin ba sihiri ba ne, nauyi ne a ninka da tsawon sifana. Littattafan ƙananan baburan nan ba kasafai suke neman abin da ya wuce nita-mita 100 a wannan noti ba, da yawa ma ƙasa da haka. Danna nauyin kilo 30 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20 yana ba da wajen nita-mita 60. Mutum mai kilo 70 da ya hau kan sifana mai santimita 30 da ƙafarsa ya zarce 200, in ya ƙara mata bututu kuwa abin ya wuce misali. Ke nan kuskuren da aka fi yi shi ne wuce gona da iri, wanda ke cinye tiredi, ya kuma hana ka kwancewa gobe. Cikakken ƙarfin hannun babban mutum a kan sifana madaidaiciya ya kusa da abin da ake nema, fil ɗin da ke ratsa noti kuma shi ke hana shi warwarewa. In ya karye, sa guntuwar waya mai kauri ka isa gida, ka sayi sabo.

Ɗaure ƙarfen da ke riƙe murfin birki, da notinsa da fil ɗinsa. Wanda ya manta shi ba zai gane ba sai ya taka birki a guje: murfin zai bi wili ya juya, ya nannaɗe sandar birki, wilin ya kulle ko birkin ya ɓace gaba ɗaya, wataƙila a gaban tirela. Mayar da sandar birki, ka juya wili, ka taka birki da ƙarfi, ka riƙe shi a take yayin da kake matse notin aksul, domin hakan ke zaunar da shu a tsakiyar kwano. Sannan ka matse ƙananan notunan jan sarƙa, ka sake duba wasanta, tun da matse aksul kan ɗan ƙara ɗame ta. Abin taka birki ya sauka kamar santimita 2 zuwa 3 kafin ya kama, wili kuma ya juya ba ƙarar goga in an saki. Kama taya da hannu biyu ka girgiza ta hagu da dama, bai kamata ka ji motsi ba. Ka gwada birki a hankali cikin harabar kamfani kafin ka hau titi, ka kuma duba ko fitilar birki tana kamawa.

Akwai masu ganin koya wa kowa wannan cire wa makanikai da masu faci abinci ne daga baki. Ban ga haka ba. Wilin da aka cire wajen mai faci zai je, shi ke da ƙarafan ɓamɓare taya da injin iska, sai dai a rage masa aiki. Wanda ya san cikin wilinsa kuma shi ne zai kai wa makanike boris tun bai tarwatse ba, ya kuma gane in yaron shago ya manta fil. Iyakar mai sifana uku ma a bayyane take. Aksul ɗin da ya ƙi motsi bayan an ɗaga taya an kuma buga ta kan katako, boris ɗin da ƙwayoyinsa suka zube, rim ɗin da ya lanƙwashe, tiredin da ya cinye, duk na makanike ne, a ɗora babur a mota a kai masa. Haka manyan babura masu birkin faifai a baya, tsarinsu daban ne, kuma in aka taka birkinsu wili yana waje, shu ɗin kan haɗe su hana faifan komawa. Wanda ya yi aikin a bakin hanya da dare kuwa, ko da komai ya tafi daidai, ya sake bin notunan nan da sifana washegari da safe, cikin haske, kafin ya kama hanyar aiki.